Amsoshin Tambayoyinku: Taurarin Filawud da Injin CNC

TAMBAYA: Ni kafinta ne a Kaduna, aikina kujeru da gadaje. Bara da azumi wata hajiya mai shagon kayan ado ta nuna mini hoton jinjirin wata da taurari na filawud, da rubutun "Barka da Sallah" da ake ratayawa a bango. Ta ce in zan iya, za ta karɓi da yawa, in Disamba ta zo kuma tana son bishiyoyin Kirsimeti da ƙararrawa. Na sayi filawud na kai wa mai injin CNC, amma abin da ya fito bai yi ba. Gefe duk ya tsattsage, wasu taurarin bakin injin ya fizge su ya farfasa, rubutun kuma ya rabu gida-gida. Mai injin ya ce laifin katakona ne, ni kuma ina ganin injinsa ne ba shi da kyau. Yanzu ina tunanin tara kuɗi in sayi nawa. Ina mafita? (Wani kafinta, Kaduna)

AMSA: Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka rage saurin tara kuɗin nan tukuna, domin matsaloli uku ka lissafa, kowacce da tushenta daban, kuma babu ko ɗaya da sabon inji zai warkar. Tsagewar gefe daga katako take da irin bakin da aka ɗaura. Fizgar taurari daga rashin riƙe su ne. Rabuwar rubutu kuwa tun a kan kwamfuta aka yi ta, kafin a kunna inji. Kai da mai injin kowa yana da rabonsa a ciki, injin ne kaɗai ban ga laifinsa ba.

Injin CNC rauta ce, irin wadda kake riƙewa da hannu kana fitar da kwalliyar gefen tebur, sai dai an ɗaure ta a jikin ƙarfe mai tafiya gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Ana yin zane a kwamfuta, wata manhaja ta mayar da shi jerin lambobi, injin ya bi lambobin. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1952 aka nuna injin sassaƙar ƙarfe mai bin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne injin ba shi da ido. Bai san akwai rami a cikin filawud ɗinka ba, bai san tauraro ya saki ba. Inda kai za ka ji zarto ya yi nauyi a hannunka ka sassauta, shi wucewa zai yi.

Kafin mu shiga katako, koma wurin Hajiya ka sake duban hoton nan da kyau. Dubi gefen abin da aka yanka. In ya yi duhu kamar an ɗan babbaka shi, kuma cikin zanen akwai ƙananan ɓuli masu tsini, to ba rauta ce ta yanka ba, injin lesa ne. Yawancin fitilun azumi na katako da ake yi a Masar, da 'yan kayan ratayawa masu siririn zane da ake gani a Instagram, aikin lesa ne. Hasken lesa yana cin abin da bai kai rabin milimita ba, ga shi ba ya taɓa katakon balle ya ture shi. Bakin rauta kuwa, wanda aka fi sawa a irin wannan aiki, kaurinsa milimita 3.175 ne ko 6, kuma da ƙarfi yake ratsa katako. Duk ramin da bai kai kaurin bakin ba, ba zai shiga ba. Don haka in abin da take so bai wuce tafin hannu ba kuma zanensa ya cika ƙaƙale, masu lesa za ka nema. Rauta ta fi ƙarfi a manya: jinjirin watan da za a jingine a ƙofar falo, bishiya mai tsayin mutum, haruffan da za a kafa a bayan dandamalin taro, da duk katakon da ya kai milimita 6 zuwa 18. Nan lesar ƙananan shaguna take gazawa.

To, filawud. Ka fi ni sanin yadda ake yin sa: siraran fallen itace ake jerawa, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, a manne da gam, yawanci uku ko biyar ko bakwai. A wadrob, fuska kawai ake gani, gefe kuma ka rufe shi. A tauraro kuwa gefen ne rabin adon, kuma duk sirrin da ke cikin allon sai ya fito fili. Filawud mai araha fuskarsa siririya ce ƙwarai, wani lokacin ko rabin milimita ba ta kai, cikinsa kuma guntaye ne masu taushi da aka jejjera da giɓi a tsakani. Bakin inji yana isowa kan giɓin sai fuskar ta rasa abin da zai tokare ta, ta ɓalle. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ta faɗa daidai. In ka shiga Panteka, ko 'Yan Katako na Na'ibawa in hanya ta kai ka Kano, kada ka tsaya a fuskar allo. Duƙa ka bi gefuna huɗu da ido. Nemi wanda layukansa suka miƙe, kaurinsu ya yi kusan ɗaya, babu rami babu inda wani ya hau kan wani. Ƙwanƙwasa tsakiya, in ka ji wani wuri yana amsawa kamar fanko, gam bai kama ba. Ɗaga shi ka hango ko ya gantsare, domin allon da ya gantsare ba ya kwanciya a teburin inji, kuma inda ya tashi nan yake karkarwa ya tsage. Masu wannan aiki a Turai sun fi son filawud na itacen bac da ake yi a Finlan da Rasha da ƙasashen Baltik, saboda cikinsa a cike yake. Ba lallai ka same shi ba, in ka samu ma tsadarsa za ta iya cinye ribar. Abin da kake nema halinsa ne, ba sunansa ba.

In kuma fenti za a shafe komai da shi, ba a son ganin jijiyar itace, MDF ya fi filawud mai araha fitar da gefe mai santsi, tun da ba shi da falle balle ya tsage. Amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, tsininsa yana saurin gutsurewa in ya faɗi, ƙurarsa kuma ta fi muni. Na cikin ɗaki ne kawai.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: kaurin da aka faɗa maka a kasuwa suna ne. Allon da ake kira milimita 6 kana iya aunawa ka ga 5.5, ko ƙasa da haka, kuma alluna biyu daga tari ɗaya kan bambanta. Sayi ma'aunin baniya, ba shi da tsada, ka riƙa auna kowane allo a wurare uku ko huɗu. Za ka ga amfaninsa in mun zo kan bishiya.

Yanzu bakin yanka, wanda masu inji ke ce wa bit. Ina kyautata zaton nan ne gefenka ya lalace. Riƙe shi tsininsa na kallon ƙasa. In murɗinsa ya tafi irin na bakin dirila, to mai jan gari sama ne. Yana share rami da kyau, ba ya saurin zafi, shi ya sa masu inji suke son barin sa a ɗaure kullum. Amma yadda yake jan gari sama haka yake jan fuskar filawud, ya ɗaga ta ya yayyaga. Har allon kansa yake ƙoƙarin ɗagawa. Akwai wanda murɗinsa ya juya baya, mai danna gari ƙasa. Shi yana danne fuskar sama yayin da yake yanka, sai ta fito tas, fuskar ƙasa kuma allon shimfiɗar da ke kan tebur ne yake tokare ta. A siririn filawud, daga milimita 3 zuwa 6, wannan nake ba ka shawara. Sharaɗinsa shi ne allon shimfiɗar ya zama a miƙe, ba wanda aka shekara ana yanka a kansa ya zama duk kwari ba, domin inda babu abin tokara a ƙasa, nan gefen ƙasa zai ɓalle.

Akwai na uku da ya haɗa biyun: tsininsa yana ja sama, jikinsa yana dannawa ƙasa, sai fuska biyu su fito lafiya. Yana da tsada, kuma mutane da yawa suna saye su ɓata kuɗinsu. Sai ɓangaren tsinin ya nutse gaba ɗaya ƙarƙashin fuskar katako a zagayen farko sannan yake aikinsa. In allonka milimita 4 ne, tsinin kuma ya kai haka ko ya fi, to ka sayi mai jan gari sama ne da tsada. Bar shi sai ranar da za ka yanka 12 ko 18.

Kowane iri ne, in ya dakushe an gama. Gam ɗin da ke cikin filawud yana cin baki fiye da itace zalla. Zan fi so ka sayi bakinka guda biyu ko uku ka riƙa zuwa da su, ka ce wa mai inji da wannan za a yi mini, ka karɓi abinka in an gama. Wannan ƙaramin kashe kuɗi ya fi duk wata jayayya amfani.

Sai gudu. Abu biyu ne ke tafiya tare: yadda bakin ke juyawa, da yadda yake ratsa katako. Motar waɗannan injuna takan juya sau 18,000 zuwa 24,000 a minti. Lissafin da ake yi shi ne a raba tafiyar minti ɗaya da yawan juyi, sannan a raba da yawan kaifin bakin, sai a san abin da kowane kaifi yake gutsura. Misali, baki mai milimita 6 mai kaifi biyu, yana juyi 18,000, yana tafiyar milimita 3,600 a minti: kowane kaifi yana ɗaukar 0.1 na milimita. Ƙaramin baki mai 3.175 kuwa, fara da rabin wannan tafiyar. Zurfin kowane zagaye kada ya wuce kaurin bakin, a ƙaramin inji ma rabinsa. Waɗannan mafari ne, kowane inji da abin da yake iya ɗauka. Amma ko ba ka riƙe lamba ɗaya ba, sa hannu ka ɗebi abin da ke fitowa bayan an tsayar da inji. In ya yi kama da tsakin masara, ana yanka. In ya yi laushi kamar garin tuwo, ga gefe yana baƙi, ga ƙauri, to bakin gugar katakon yake yi. Sabon shiga yana ganin haka sai ya rage tafiya don tsoro, alhali ragewar ce ke ƙara ƙunar. Ko a ƙara tafiya, ko a rage juyi.

Mu zo kan taurarin da suka tashi sama. A nan kam mai injin ya yi sakaci, don wannan aikinsa ne. Da zarar baki ya zagaye tauraro ya dawo inda ya fara, tauraron ya rabu da allo, babu abin da ke riƙe da shi, ga ƙarfe yana juyi sau 300 a daƙiƙa a jikinsa. Dole ya fizge shi. Manyan tebura masu zuƙar iska suna riƙe babban allo, amma ɗan abu mai santimita 10 ba shi da faɗin da iska za ta kama. Maganin da kowa ya sani shi ne a bar 'yan gadoji, wato wurare biyu ko uku a jikin kowane tauraro inda baki zai ɗan ɗaga ya bar siririn katako ya haɗa shi da uwar allo. Faɗin milimita 4 zuwa 5 da kaurin 1 zuwa 2 ya isa. Manhajar tana da wurin sa su, minti kaɗan ne. A sa su a miƙaƙƙen gefe inda kurfi da samfefa za su kai, ba a kan tsini ko cikin lungu ba. In an gama kada ka ɓalle da hannu, domin gadar za ta tafi da fuskar katako. Juya allon ka yanke ta da kaifin wuƙa ko kurfi.

Ga ƙananan abubuwa akwai wata dabara da na fi so. A manna salatif na takarda a bayan filawud, a manna wani a kan allon shimfiɗa, a ɗiga sufa gulu a tsakanin salatif ɗin biyu, a danne. Ba gada, ba ƙusa, in an gama a ɓanɓare, katako bai taɓa gam ba. Tana cin salatif, don haka ba ta babban allo ba ce. In kuma sukuru za a ɗaura a gefuna, a tabbata an san inda suke a cikin zanen, don baki ɗaya da ya ci karo da sukuru ya tafi ke nan. Tsarin yanka ma yana da muhimmanci: ramin igiya da duk ɓulin ciki su ne farko, zagayen waje shi ne ƙarshe.

Rubutu ne ya fi ba ni sha'awa a tambayarka, don nan ne aikin tunani yake. "Barka da Sallah" haruffa 13 ne. A takarda farin da ke bayansu ne yake riƙe da su. A katako babu wannan farin, in ka yanka su yadda aka buga su, guntaye 13 za ka kwasa. In kuma ka juya, ka ɓula haruffan a jikin allo don haske ya ratsa, sai cikin B da a da d su zube, a bar ka da ramuka marasa ma'ana. Mafita uku ce. Ko a zaɓi rubutu mai haɗe irin na hannu, a matso da haruffan su ɗan hau juna, sannan a narkar da su su zama layi ɗaya a CorelDRAW ko Inkscape. Ko a zaunar da su duka a kan sanda ɗaya ko cikin zobe. Ko a yi hawa biyu, a yanka haruffan daban a manna su a kan allon baya mai wani launi. Ta ukun ta fi cin katako da lokaci, amma ta fi kyau nesa ba kusa ba, kuma ta fi ƙarko. In a hawa biyu za ka yi, ka sa a ɗan zana wurin kowane harafi a allon bayan da zurfin rabin milimita, yaran shago ba za su manna a karkace ba.

Na Larabci ya fi wayo. Mutum yana ganin haruffan a haɗe sai ya ɗauka an huta. Ɗauki "Idi Mubarak". Kalmar farko jiki ɗaya ce. Ta biyu kuwa, alif ba ya haɗuwa da abin da ke binsa, ra ma haka, sai ta rabu uku. Jiki huɗu ke nan. Ƙara ɗigo biyu na ƙarƙashin ya, ɗigo ɗaya na ƙarƙashin ba, da 'yar alamar da ke cikin kaf, ka ga guntaye takwas, huɗu daga ciki ba su wuce ƙwayar wake ba. Dole mai zane ya jingina kowane ɗigo da jikin harafi, ko ya sa allon baya. Kuma wasu manhajojin in ba a saita su ba sukan wargaza Larabci, su jera haruffan ɗai-ɗai daga hagu. Ka sa wanda ya iya karatu ya duba kafin a yanka. Namu na boko ma yana da tasa: yawancin rubutun ƙawa da ake saukewa daga intanet ba su da ƙ da ɗ da ɓ, don haka in za ka rubuta "Ƙaramar Sallah" sai an zana lanƙwasar da hannu. Kada a bar ta, kowa zai gane an yi ha'inci.

Ina da ra'ayi a kan ayoyi da sunayen Allah, kuma ra'ayina ne kawai. Adon biki abu ne na mako biyu, bayan nan ya koma bayan kujera, yara su taka, ƙarshe ya tafi bola. Ragowar allon da aka cire rubutun daga ciki ma yana ɗauke da siffarsa, ga shi a ƙasan shago. Gaisuwar Sallah da wata da tauraro sun wadatar. In an nemi aya, a yi ta a matsayin allon bango mai ƙarko, a kuma kula da ragowar.

Siffofi kuma, ka tuna baki zagayayye ne. Yana fitar da tsinin waje, amma lungun ciki kullum sai ya bar shi da ɗan lanƙwasa daidai rabin kaurinsa. A tauraro wannan ba aibi ba ne. Tsinin ne abin kula: ka sa a ɗan dakusar da shi da milimita ɗaya a zane, ba ya gutsurewa, ba ya kuma soke yaro. Ƙahonnin jinjirin wata kada su sirance fiye da kaurin allon. Ramin igiya ya yi nisan milimita 4 daga gefe. Wata yana da wata fitina: in ka huda shi a inda ido ya ga ya dace, sai ya rataya a kife. Yanka shi a kwali tukuna, ka soka allura kana gwadawa har ka sami inda yake tsayawa yadda kake so. Dagin Arewa kuma, in kana son sa shi, kada a yanka shi fayau. Kyansa yana wurin da igiya ɗaya ta bi ta ƙarƙashin ɗaya, kuma wannan sai an bi da baki mai tsini irin na V an ja 'yan layuka a mahaɗar.

Bishiyar Kirsimeti mai tsayawa da kanta falle biyu ce iri ɗaya. A tsaga ɗaya daga sama zuwa tsakiya, ɗayar daga ƙasa zuwa tsakiya, a zura su cikin juna. Faɗin tsagar shi ne kaurin da baniya ta nuna maka, a ƙara 0.1 ko 0.2, ba kaurin da aka faɗa a kasuwa ba. A ƙarshen tsagar sai an ɗan shigar da baki cikin kusurwa biyu, in ba haka ba lanƙwasar nan za ta hana su zama daram. Fenti ma yana ƙara kauri. Kafin a taɓa babban allo, a yanka ɗan guntu mai tsaga huɗu, 5.6 da 5.8 da 6.0 da 6.2, ka gwada wacce ta kama. Daɗin wannan tsari shi ne a kwance ake ɗaure kayan, bishiya ashirin su shiga bayan mota ɗaya zuwa Jos ko Kafanchan ba tare da ko ɗaya ta karye ba. Fitilar azumi mai fuska huɗu ko shida ma haka ake haɗa ta. Cikinta 'yan fitilun LED za a sa, ban da kyandir.

Ga lissafin da zai buɗe maka ido. Allo ƙafa 4 da 8 ne, wato milimita 1,220 da 2,440. Taurari masu santimita 10, in an jera su da kyau an bar gefe, kusan 200 za su fito. Zagayen kowanne kusan santimita 36 ne, don haka ko da zagaye biyu da tsayawar da inji ke yi a kowace kusurwa, minti ɗaya ya ishe shi. Awa uku da minti ashirin ko ƙasa da haka, an gama allo. Amma yanke gadoji, goge gefe, shafa sila, fenti hannu biyu, ɗaura igiya, na taurari 200? Wannan kwanaki ne. Masu shiga harkar nan suna lissafa allo da kuɗin inji su manta da wannan, sai Sallah ta wuce su ga sun yi wa mai shago aikin banza. Rage wahalar tun farko: goge allon gaba ɗaya da samfefa mai lamba 180 ko 220, ka shafa masa hannun farko, sannan a yanka. Gefen filawud yana shan fenti, ka fara toshe shi da sila ko farin gam da aka tsinka da ruwa. Fuska biyu za ka shafa ko da ɗaya ce za a gani, in ba haka ba iskar hunturun Disamba za ta busar da ɓangare ɗaya abin ya gantsare. Sallah kuwa tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, a 'yan shekarun nan Babbar Sallah da shigowar damina take zuwa, don haka duk abin da za a kafa a waje yana son filawud mai jure ruwa da fentin mai. Kuma kada ka rubuta shekara a jiki. Watan da bai sayu da azumi ba, zai sayu da layya ko Maulidi, tauraro kuwa har Kirsimeti yana da kasuwa.

In oda ba ta wuce ashirin ko talatin ba, ba ma sai ka koma wurin inji kowane lokaci ba. A yanka maka samfuri ɗaya mai kyau a MDF mai kauri, ka riƙa ɗora shi kana bi da rautarka ta hannu da baki mai boris. Ko a tsaunukan Erzgebirge na Jamus, inda garin Seiffen ya yi suna da kayan Kirsimeti na katako, da siririn zarton hannu aka daɗe ana fitar da bakan fitilun da suke jerawa a taga.

Lafiyarka kuma. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, musamman a hanci, ga kuma sinadarin fomaldehaid da ke cikin gam ɗin MDF da filawud da yawa. Takunkumi na gaske, ba ƙyalle ba, da tabarau, da abin toshe kunne. Ban da safar hannu, ban da riga mai faɗin hannu kusa da baki. Kada a bar inji yana aiki a tafi salla ko cin abinci, a tsayar da shi. Baki mai danna gari ƙasa yana cusa garin cikin rami, in ya tsaya wuri ɗaya yana guga, wuta tana iya kamawa a ƙarƙashin allo ba a gani ba.

Sayen inji yana da lokacinsa. Wanda ke ɗaukar cikakken allo shi ake kira 1325, wato milimita 1,300 da 2,500. Akwai 6090 mai ɗaukar abin da bai kai kwatan allo ba, da ɗan 3018 na koyo wanda ba na kasuwa ba ne. Kuɗin injin farkon kashewa ne. Akwai ɗaki, da injin zuƙar ƙura, da janareto mai ƙarfi, wasu manyan ma sai wuta mai layi uku. In aka ɗauke wuta a tsakiyar yanka kuma ba a adana inda aka fara ba, allon ya tafi. Akwai tambayar wa zai gyara shi in ya tsaya ana saura kwana biyar Sallah. Kasuwar adon biki kuma makonni ce a shekara, sauran watannin sai ƙofofi da allunan shaguna da sunayen amare su ciyar da shi. Ranar da ka ga kana biyan kuɗin inji kowane mako, layi kuma yana sa ka rasa oda, ka sake rubuto mini mu yi maganar wanda za ka saya.

Kafin nan, abin da ya fi inji daraja shi ne iya zanen, kuma Inkscape kyauta ce. Masu inji da yawa da ArtCAM suke aiki har yanzu, ko da yake Autodesk ta daina sayar da ita a 2018, wasu kuma Aspire ko VCarve. Dukkansu suna karɓar fayil na DXF, don haka tambayi naka abin da yake so, ka kai masa layi, ba hoton WhatsApp ba. Wannan makon, sayi kwatan allo mai kyau da baki ɗaya mai danna gari ƙasa, ka koma wurin mutumin nan cikin mutunci. Ku yanka tauraro ɗaya, wata ɗaya, kalma ɗaya da guntun gwajin tsaga, duk da gadojinsu. Kai wa Hajiya su a fente, ta riƙe a hannu, sannan ku yi ciniki.